Digiri na biyu a Birtaniya ko Kanada: ina hanyar zaman dindindin ta fi sauƙi?

Tambaya: Na samu gurbin karatun digiri na biyu na shekara ɗaya a Birtaniya, na kuma samu a Kanada. Burina in yi aiki bayan karatu har in samu takardar zaman dindindin. Wanne zan biya wa kuɗi?

Amsa: Malam, in zama ne burinka, Kanada ta fi, amma da sharuɗɗa. Tun watan Fabrairun 2024, wanda ya gama digiri na biyu na aƙalla wata 8 yana iya samun izinin aiki na shekara 3, wanda ake kira PGWP. Ana nema cikin kwana 180 bayan makaranta ta tabbatar ka kammala, tare da sakamakon jarrabawar Turanci ko Faransanci a matakin CLB 7, wato mataki na 7 a ma'aunin iya harshe na Kanada. Sau ɗaya ake ba mutum shi a rayuwa, kuma ba ya wuce wa'adin fasfo, don haka sabunta fasfonka kafin ka nema. Kada ka tura ko sisi sai ka tabbatar ɗaliban makarantar suna samun wannan izini.

Daga nan sai ka tara shekara ɗaya ta aikin ƙwararru, wato awa 1,560, ka shiga tsarin Express Entry, inda gwamnatin Kanada ke gayyatar masu maki mafi yawa su nemi zaman dindindin. Aikin da ka yi kana ɗalibi ba ya cikin lissafi, nan ne da yawa suke tuntuɓe. Kuma cika sharuɗɗa ba ya nufin an gayyace ka. Maki ake dubawa: shekarunka, harshe, ilimi da gogewa. Faransanci na ƙara maki sosai.

Birtaniya kuwa bizarta ta bayan karatu shekara 2 ce ga wanda ya nema kafin Janairun 2027, wata 18 ga wanda ya nema daga nan, amma wannan lokacin ba ya shiga ƙidayar shekarun zaman dindindin ta hanyar aiki. Ƙidaya na farawa ne ranar da kamfani mai lasisi ya ɗauki nauyinka a bizar ƙwararru. In kana da iyali, ka sani tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na darasin aji, wato ba na bincike ba, ba ya zuwa da su.

Tambaya: Jamus fa?

Amsa: Wata 18 take bayarwa na neman aiki. Wanda ya yi karatu a can yana iya neman zaman dindindin bayan shekara 2 yana aikin ƙwararru, da wata 24 na biyan kuɗin fansho da Jamusanci matakin B1. Fara koyon harshen tun kafin ka tashi.