Zan iya zuwa Zanzibar ni kaɗai da jakar goyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga Zariya. Na ɗan tara kuɗi ina so in yi mako guda a tsohon garin Zanzibar da ake kira Stone Town. Ba ni da abokin tafiya, ba ni da kuɗin babban otal, kayana duka jakar goyo ɗaya ce. Mutanen gida sun ta da hankali wai za a cuce ni. Tafiyar za ta yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ta yiwu, kuma mafi wuyarta tun kana gida za ka gama da ita, wato takardu.

Zanzibar tsibiri ne cikin ƙasar Tanzaniya, ita kuwa Tanzaniya ta sa Najeriya da Nijar da Chadi cikin ƙasashen da ba a buga wa 'yansu biza a filin jirgi. Ta intanet ake nema, sai hukumar shige da fice ta can ta tantance ta amince, abin da kan ja makonni. Ka fara nema aƙalla wata biyu kafin ranar tashi, kuma kada ka kuskura ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amsa ta fito. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Sannan tun Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44, ko da mutum yana da wata. Ka sa ta cikin lissafi.

Lokaci kuma, daga Maris zuwa Mayu ruwa ake tafkawa. Ɗakuna kan yi araha, amma rabin kwanakinka a ƙarƙashin rumfa za su ƙare. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi, sai dai cunkoso da tsada.

In ta Darussalam ka bi, wato babban birnin gaɓar tekun Tanzaniya, jirgin ruwa mai gudu kan yi kamar awa biyu zuwa Zanzibar. Ka sayi tikiti a ofishin kamfanin, ba a hannun wanda ya tare ka a bakin ƙofa ba. A tashar Zanzibar za a sake duba fasfonka duk da ƙasa ɗaya ce. Kana fitowa za ka gamu da cutar da mutanen gida suke tsoro, kuma ba ta wuƙa ba ce, ta baki ce. Akwai samari 'yan kamasho da mutanen gari ke kira papasi. Ɗaya zai miƙo hannu ya karɓi jakarka da fara'a, ya tambayi masaukinka, ya ce ai an rufe shi ko ya cika, ya ja ka wani wurin da zai ci la'ada a kanka. Maganinsu biyu ne: ka kama ɗakin kwana biyun farko tun kana gida, kuma jakarka ta zauna a bayanka. Ka ce “hapana, asante”, wato a'a na gode, ka ci gaba da tafiya. Wanda ya tsaya ba da uzuri shi ake bi har ƙofar ɗaki.

A nan jakar goyo ta fi akwati daraja, domin yawancin lungunan garin mota ba ta shiga, sai babur da keke, kuma in ka ji ƙararrawa a bayanka ka manne da bango. Za ka ɓace, wannan babu makawa, taswirar waya ma kan rikice tsakanin dogayen gidajen nan. Amma garin ƙarami ne, teku na yamma, babban titin kasuwar Darajani na gabas. Ka miƙe ta kowane ɓangare, ba za ka jima ba ka fito ɗayansu. Wanda ya saba da lungunan cikin birnin Zazzau ba zai firgita ba. Garin Musulmi ne, masallatai ko'ina, sallamarka da shigarka ta mutunci za su buɗe maka ƙofofin da mai gajeren wando ba ya samu. In azumi ne, yawancin wuraren abinci na talaka a rufe suke da rana.

Da magariba kowa na nufar lambun Forodhani a bakin teku, inda ake jera tebura da fitilu. Ka je, amma da ido buɗe. Tsiren kifi da jatan landen da aka tula a faranti sau da yawa an daɗe da gasa su, ɗumamawa kawai ake yi, kuma ciwon ciki ga wanda ba shi da mai jinya ba ƙaramin abu ba ne. Ka zaɓi abin da aka soya a gabanka, ka tambayi farashi kafin a zuba. Ni da za a bi tawa, kwanon urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙananan ƙosai a ciki, da kofin ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami, sun fi duk tarkacen nan. Abincin rana kuwa wajen Darajani ya fi sauƙi, kuma a nan ake hawa daladala, wato motocin haya, zuwa garuruwan bakin teku irin su Nungwi da kuɗi kaɗan.

Wuri ɗaya ne nake ganin ya cancanci ka biya ɗan rakiya mai lasisi: tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873, inda cocin Angilikan yake a yau. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na wurin sai da mai bayani. Zuwa tsibirin Changuu mai manyan kunkuru kuma, kuɗin kwale-kwale na jirgi ne ba na kai ba, don haka ka nemi wasu baƙi a masauki ku haɗa, kuma kada ku biya duka sai an dawo da ku.

Bayan sallar isha lungunan kan yi duhu su watse, to ka bi inda ke da haske da mutane, kada ka yi yawo a bakin teku da waya a hannu. Ka kwana cikin gidan sauro. Ka sayi layin waya da fasfonka ranar farko, ka tura wa gida sunan masaukinka, ka riƙa kiran su kullum a lokaci ɗaya.