Ɗan wana ya lotsa motar haya a Ingila, na ce ni ne ke tuƙi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na je Ingila bikin yaye 'yata daga jami'a, na ɗauki motar haya ta mako guda don mu zaga da iyali. Na biya inshora, sun kuma riƙe wasu kuɗi a katina. Rana ta huɗu gajiya ta kama ni, na miƙa wa ɗan wana makulli. Ya shiga shataletale a ruɗe, gefen motar ya lotse a jikin ƙarfen titi. A takardar rahoto na rubuta ni ne ke tuƙi, don sunana kaɗai ke cikin yarjejeniyar. Sun cire abin da aka yi sharaɗi, inshora ta ɗauki sauran. Shin akwai zunubi a inshorar da na biya? Wani abokina kuma ya ce in kwantar da hankalina, ƙasar kafirai ce, dukiyarsu halal ce.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa karatun yarinya albarka.

Alhaji, inshora ka tambaya, amma ina jin abin da ke hana ka barci daban ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta haramta inshorar kasuwanci tun 1985, sai dai wadda hukuma ta ɗora dole babu laifi a kan wanda aka tilasta wa, kuma a Ingila tun 1930 doka ta hana hawa titi ba ita. Wannan ya wuce.

Inda hukunci ya juya shi ne makullin da ka miƙa, sai layin da ka rubuta.

Mai haya amintacce ne. A Risala an ce wanda ya yi hayar abu ya lalace a hannunsa babu ramuwa a kansa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Da kai ke riƙe da sitiyari kana bin doka, tsautsayi ya faɗa, da maganar ta yi sauƙi. To amma kai ka sa hannu cewa ba mai tuƙa ta sai kai. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta mutum ya yi hayar dabba ya ba wani hayarta ko da kamarsa ne, saboda mahaya ba ɗaya suke ba, wani ya lallaɓa, wani ya galabaitar. In an karhanta wannan ba tare da sharaɗi ba, ina ga wanda aka hana a rubuce? Tun lokacin da makullin ya bar hannunka amana ta koma lamuni, gyaran motar gaba ɗaya a wuyanka yake. Kuɗin da aka ɗauke maka saboda sunanka da ka rubuta, da ƙarya aka same su.

Sai maganar abokinka. Zan tsaya a kanta domin ta yawaita a bakin matafiya, kuma masu yin ta kan jingina ta ga Imam Abu Hanifa. Gaskiya ne an ruwaito daga gare shi cewa Musulmin da ya shiga ƙasar da ake yaƙi da ita yana iya karɓar dukiyarsu ta cinikin da bai halatta a ƙasar Musulunci ba. Ɗalibinsa Abu Yusuf ya saɓa masa, jumhur, wato mafi yawan malamai, ma haka. Amma ko mu bar saɓanin, shi Imam ɗin sharaɗi ya sa: su bayar da yardarsu, ba yaudara. Kamfanin nan ya yarda ne yana zaton kai ke tuƙi. Yardar da aka gina a kan ƙarya, wane malami ya kira ta yarda? Ka ga ko a ra'ayin da abokinka ya ara, bai sami wurin tsayawa ba.

Sannan wane yaƙi kake yi da su? Kai ka cike takardu ka nemi biza, suka buga maka hatimi a filin jirgi, ka kwana lafiya ka tashi lafiya, 'yarka ta yi shekaru a tsakaninsu. Wannan shi ne aminci a wurin malaman fiƙihu, kuma wanda ya shiga da aminci haramun ne ya ha'ince su. Mugira ɗan Shu'uba ya yi tafiya da wasu mushrikai kafin ya musulunta, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu. Annabi (SAW) ya karɓi musuluntarsa, ya ce dukiyar kuwa ba ruwansa da ita. Huzaifa da mahaifinsa Ƙuraishawa suka tare su, suka sake su bisa alkawarin ba za su yi yaƙi ba. Ranar Badar ke nan, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, ana neman ko mutum ɗaya, amma Annabi ya ce su koma, za a cika musu alkawarinsu a nemi taimakon Allah a kansu. Alkawari da maƙiyi a bakin daga an cika shi, balle takardar haya da ka sa wa hannu kana murmushi. Ka gaya wa abokinka da taushi ya daina ba da fatawa a kan dukiyar mutane.

Abin yi: ka tuba, ka rubuta wa kamfanin gaskiyar wanda ke tuƙi, ka nemi su ƙiyasta gyaran ka biya. In sun yafe, falillahil hamdu. Kada ka ce za ka yi sadaka da kuɗin, mai haƙƙi sananne ne, adireshinsa na cikin wayarka. Tsakaninka da yaron, kai ka ba shi makulli. In ka ɗauke masa ka kyauta, kada wannan ya shiga tsakaninka da wanka.

Ka kuma gode wa Allah ƙarfe ya buga. Da mutum ne, da yanzu diyya muke lissafawa da azumin wata biyu a jere. Yaron tuƙi ya yi ba inshora, wanda a can tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasisi, 'yan sanda na iya kwace motar, mai ba da makullin ma bai tsira ba. Sauya sunan direba kuwa ba su ɗauke shi wasa ba: a 2013 sun ɗaure tsohon minista Chris Huhne wata takwas saboda matarsa ta ɗauki laifin gudun da shi ya yi.

In ka sake zuwa, ka biya ɗan ƙarin a rubuta direba na biyu, ka ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare kafin ka fita da ita. Mu Nijeriya ta bar tuƙi a gefen hagu na titi tun 1972, su suna nan a kansa, kuma a shataletale wanda ke tahowa ta damanka shi ke da hanya. Mil suke ƙirgawa, 70 ɗin babbar hanya kusan kilomita 113 ce. Ranar da ka sauka da gajiyar jirgi kada ka tuƙa. In katin bashi ka ba su, ka biya kafin kuɗin ruwa ya hau.

Wallahu a'alam.