Hukuncin yarda da 'yar ruwa da yi mata yanka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni masunci ne a bakin kogin Kwara. Tun muna yara ake ce mana akwai 'yar ruwa, sama mace ƙasa kifi, wai in ba a yanka mata baƙin bunsuru ba ruwa sai ya ci mutum. Da gaske akwai ta? Mene ne hukuncin yankan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan labari ba a kogin ku kaɗai yake ba. Mutanen bakin teku a Afirka ta Yamma suna ce mata Mami Wata, Japanawa ningyo, Larabawa kuwa bintul ma'i ko insanul ma'i. Damiri, malamin Masar wanda ya rasu a 808 Hijira, ya kawo ta a littafinsa na dabbobi Hayatul Hayawan, amma hikaya ce daga bakin matafiya. Ba aya, ba hadisi ingantacce da ya tabbatar da ita. Saboda haka wanda ya ce babu ita bai taɓa aƙidarsa ba. Wanda ya ce mai yiwuwa ne, tunda Allah Yana halittar abin da ba mu sani ba (Nahli, aya ta 8), shi ma ba a kama shi da laifi.

Ni abin da na fi rinjayarwa, galibin masu cewa sun gan ta ayu suka hango, dabbar nan mai shayarwa da ke Kwara da Binuwai. Ko Kolumbus, Baturen nan matuƙin jirgin ruwa, a 1493 ya ce ya ga 'yan ruwa uku, masana suka ce dangin ayu ne.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne yankan. Ko 'yar ruwa ce, ko aljani, ko Sarkin Rafin 'yan bori, zubar da jini don neman yardarsu ko tsoron sharrinsu shirka ce babba. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Manzon Allah (SAW) ya ce Allah Ya la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah. Suratul Jinni, aya ta 6, ta ce masu neman tsari da aljanu ba abin da suka ƙara musu sai ɓata. Naman haram ne ko an ambaci sunan Allah a baki, don niyyar ta riga ta tafi wani wuri. Kada ka ba da kuɗin bunsurun, kada ka halarta.

Ka yi bismillah in za ka shiga kwalekwale, ka riƙe azkar na safe da yamma, ka guji lodi fiye da kima, ka sa rigar kariya. Dattawan kuma a yi musu bayani cikin ladabi. Wallahu a'alam.