Tambaya da Amsa: Kwamfutar Shagona Ta Mutu, Wacce Zan Saya da Ɗan Abin da Ke Hannuna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Yelwa, kusa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, inda nake buga wa ɗalibai ayyukansu. Kwamfutar tebur da na daɗe ina aiki da ita ta mutu ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi, kuma abin da ke hannuna bai wuce naira 200,000 ba. Wani mai shago ya nuna mini wata ta hannu mai ƙwaƙwalwar sarrafa aiki samfurin Core i7, ya ce babu kamarta. Shin in saya? Daga wata mai karatu, Bauchi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya mayar da alheri. Kafin ki fitar da ko kwabo, ki kai tsohuwar wurin mai gyaran da kika amince da shi, domin sau da yawa idan wuta ta yi ɓarna, abin da ke rarraba wuta a cikin akwatin ne kaɗai yake ƙonewa, kuma sauya shi bai kama ƙafar kuɗin wata kwamfutar ba. Ko da ta mutu murus, a ciro miki faifan ajiyarta, wataƙila ayyukan ɗalibai suna nan lafiya a cikinsa.

Game da wadda aka nuna miki, kada sunan i7 ya ruɗe ki, don nan ne ake yawan cutar masu saye. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan, wadda ke nuna zubin da aka yi na'urar a cikinsa. Misali, i7-3770 zubi na 3 ce, ta fito tun 2012, yayin da i5-8500 zubi na 8 ce ta 2018, kuma duk da ƙanƙantar sunanta, ta fi waccan ƙarfi. Wannan ba maganar sauri kaɗai ba ce. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11, a ƙa'ida, daga zubi na 8 na Intel take farawa. Ga shagon da ɗalibai ke kawo filashi iri-iri kullum, manhajar da aka daina toshe mata kafofin cutar kwamfuta ba abin dogaro ba ce.

Shawarata ita ce ki nemi ta hannu irin wadda aka ƙera domin ofisoshi, kamar Dell OptiPlex, HP ProDesk ko Lenovo ThinkCentre, mai i5 ko ma i3 na zubi na 8, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 8, da faifan SSD mai gigabait 256. A ganina SSD ɗin nan ya fi komai muhimmanci, domin shi ke sa kwamfuta ta tashi cikin daƙiƙoƙi. Akwatin kawai za ki saya. Monita da kibod da linzaminki na dā za su yi aiki, sai dai ki duba ko akwai wurin jona wayar monitar, tunda wasu ba su da kafar VGA.

Kada ki biya sai an kunna ta a gabanki, an buɗe bayanan na'urar kin karanta lambar da idonki, an kuma rubuta miki a rasit kwanakin da za ki iya mayar da ita idan ta ba da matsala.

Sannan ina roƙonki kada ki zuba kuɗin duka a kan akwati. Wutar da ta kashe ta farko tana nan, saboda haka ki ware wani kaso ki sayi UPS (na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta) mai daidaita wuta. Idan kuma kina da niyyar komawa sola, ƙananan kwamfutocin nan masu girman littafi, waɗanda yawancinsu ke aiki da caja mai wat 65, ba za su wahalar da batir ba. Ki ɗora ta a kan tebur maimakon ƙasa, a kuma riƙa hure mata ƙurar hunturu kafin zafin Maris da Afrilu ya shigo.