Shiga ƙungiyar ƙwadago: wa ke cin riba, wa ke biyan kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata masana'antar robobi a Kano. Abokan aikina na so mu shiga ƙungiyar ƙwadago, a riƙa cire mana wani abu a albashi duk wata. Yayana ya ce kada in soma, wai ƙungiyoyi ne suka kashe masaƙun Kaduna, kuma ba abin da suka iya sai yajin aiki. Don Allah, amfani suke wa ma'aikaci da tattalin arziki ko cutarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tambayarka biyu ce a haɗe, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ga wanda ke cikin ƙungiya, amfanin a fili yake. Ga sauran jama'a kuwa, sai an duba aljihun da kuɗin ke fitowa.

Mu fara da kai. Ranar da ka shiga ofishin manaja kai kaɗai neman ƙarin albashi, ya san akwai mutum hamsin a bakin ƙofa masu jiran gurbinka. Idan ku ɗari biyu ne kuka turo wakili, lissafinsa ya canza, domin tsayawar injina na kwana uku ta fi ƙarin da kuke nema tsada. Nan ƙarfin ƙungiya yake. Kuma ba a albashi kaɗai yake tsayawa ba. Akwai haƙƙoƙin da doka ta riga ta ba ka, sai dai ba su zuwa hannu sai da mai bin sawu. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aikinsa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin 100 daga albashinka, mai kamfani ya ɗora kashi 10, a zuba a asusunka. Dokar diyya ta 2010 ta wajabta wa kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, domin ranar da inji ya cinye wa wani yatsu a sami abin biyansa. Abin da aka saba gani shi ne a cire maka kashi 8 ɗin, yana nan rubuce a takardar albashi, amma bai taɓa isa asusun ba. Mutum ɗaya ba ya iya tono wannan. Sakataren reshe mai himma zai iya, ta hanyar tara bayanan asusun mambobi ya kwatanta su wata bayan wata.

Batun masaƙun Kaduna, yayanka ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. An buɗe masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) a 1957, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, kuma ƙungiyarsu ta yi ƙarfi sosai, daga cikinta Adams Oshiomhole ya fito har ya shugabanci NLC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga 1999 zuwa 2007. Masaƙun sun yi shekaru da dama suna cin riba alhali ƙungiyar na nan daram. Abin da ya durƙusar da su shi ne rashin wutar lantarki, tsadar baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi, tsofaffin injina, da atamfar waje mai araha da ake fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka. Lokacin da UNTL, wata babbar masaƙar Kaduna, ta rufe a 2007, ƙungiyar ma'aikatan masaƙa tana sahun gaba wajen roƙon gwamnati ta toshe fasa-ƙwauri.

Duk da haka maganarsa ba ta rasa tushe ba, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Duk ƙarin da ƙungiya ta samo, daga ɗayan wuri uku yake fitowa: ribar mai kamfani, farashin da mai saye zai biya, ko guraben aikin da za a rage. Idan kamfani na cin riba mai kauri yana biyan ma'aikata ƙasa da abin da guminsu ke kawowa, ƙarin zai fito daga ribar, ba wanda zai rasa aiki. Wannan yanayin ya fi yawa a inda ma'aikaci ba shi da wurin gudu. Amma idan masana'anta na numfashi da ƙyar, dizal ya cinye rabin kuɗin shigarta, kayan China na karya mata farashi a kasuwa, to matsa mata lamba zai haifar da abu ɗaya: a daina ɗaukar ma'aikatan dindindin, a koma ɗauko na wucin gadi ta hannun ɗan kwangila, ba fansho, ba hutu, ba takarda. Tsofaffin ma'aikata sun sami ƙari, ƙannensu sun rasa ƙofar shiga. Shugaban ƙungiyar da ya san aikinsa yakan nemi ganin lissafin kamfani kafin ya yanka adadin da zai nema.

A matakin ƙasa, mafi ƙarancin albashi shi ne babban abin da ƙungiyoyi ke alfahari da shi, kuma gaskiya ne ba don su ba da gwamnatoci ba su motsa ba. Naira 125 a 1981, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sai 70,000 a Yulin 2024 bayan yajin aikin 3 ga Yuni da ya kashe wutar ƙasa baki ɗaya. Amma auna su da abin da suke saye. Naira 125 ta 1981 ta kai kusan dala 200. Dubu talatin ta 2019 ta ɗan haura dala 80. Dubu saba'in, ranar da aka sa mata hannu, ba ta kai dala 50 ba, ga hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100. Wato ƙungiya na iya ƙwato adadi a takarda, ba ta iya riƙe darajar naira. An taɓa ganin haka a ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawararsa a 1974, lokacin da aka zuba wa ma'aikatan gwamnati ariyas a dunƙule, kuɗi suka yi yawa kaya ba su ƙaru ba, farashi ya yi tashin gwauron zabo a 1975.

Sannan su wa dokar mafi ƙarancin albashin ta shafa? Ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa cikin tsarin albashi na hukuma. Manomi, ɗan acaɓa, yaron shago, mai tuyar ƙosai, ba wanda aka ƙara wa sisi, amma duk sun haɗu da sabon farashi a kasuwa.

Yajin aikin ma'aikatan gwamnati ya fi ciwo, kuma dalilinsa a bayyane yake. In kun tsayar da injin robobi, mai kamfani ne ke asara, don haka zai yi saurin zama da ku. In malaman jami'a suka ajiye alli, wanda suke rigima da shi ba ya asarar komai nan take, ɗalibi ne ke zaman gida. ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta yi wata tara tana yajin aiki a 2020, ta sake yin wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Koke-kokenta na gaske ne, yarjejeniyar 2009 da gwamnati ta sa wa hannu ta daɗe ba a cika ta ba. Amma wanda ya biya farashin yaron talaka ne da iyayensa ba su da kuɗin jami'a mai zaman kanta. A ganina wannan makami ya dushe saboda yawan zare shi, kuma laifin na ɓangarorin biyu ne, domin gwamnati ce ta koya wa ma'aikata cewa ba ta jin magana sai an rufe ƙofa.

Shawarata ka shiga, amma da ido buɗe. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ka 'yancin shiga, Dokar Ƙwadago ta haramta a kore ka saboda ka shiga, kuma gyaran dokar ƙungiyoyi na 2005 ya ce shiga ganin dama ne, ba tilas. Kafin ka sa hannu a takardar cire kuɗi, tambayi nawa za a cire, nawa ke zama a reshe, nawa ke tafiya hedikwata. Nemi ka ga kundin tsarin ƙungiyar da rahoton kuɗinta na bara. Tambayi yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe. Reshen da shugabansa ya shekara goma a kujera, ya fi kusa da manaja fiye da masu aikin dare, nan ne ake yin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka kuma tambaya ko ma'aikatan wucin gadi na cikin abin da za a nema, domin in an bar su a waje, da su za a maye gurbinku ranar da kuka fita.

Game da yajin aiki, ku bi matakai. Doka ta tsara a fara da tattaunawa a cikin gida, sai mai shiga tsakani, sai a kai wa Ministan Ƙwadago rahoto, daga nan kwamitin sasanci, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Dole kuma a kaɗa ƙuri'a mafi rinjayen mambobi su amince. Ku sani cewa sashe na 43 na dokar rigingimun ƙwadago ya ba mai kamfani damar riƙe albashin kwanakin da ba a yi aiki ba, don haka ku lissafa kwana nawa gidajenku za su iya jurewa kafin ku yanke ranar farawa. Duk abin da aka cimma kuma a rubuta shi, da ranar fara biya da sa hannun ɓangarorin biyu, a kai kwafi Ma'aikatar Ƙwadago.