Kamo tasha

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce malaminku na Turanci ya koya muku kalmar "tune", kana tambaya ko akwai ta a Hausa, kuma ko da gaske ne a zamaninmu yaro ba ya taɓa rediyo. Na yi murmushi, amma abin ya tsaya mini a rai, a ce ɗan Hausawan Agege ne ke cigiyar maganar da kakansa ke yi kullum.

Bature ya ɗora wa kalma ɗaya kaya da yawa: mai rediyo da ita, mai kiɗa da ita, har bakaniken da ke saita inji. Mu kowa da tasa. Mai kalangu matse shi yake a hammata sai murya ta zauna, mai ganga ya shanya ta a rana fata ta ɗame. Rediyo kuwa murɗawa ake a kamo tasha, kamar mai fakon kifi.

Baffana, fataken goro ne su, yana da wani rediyo mai rigar fata. Daga Legas ba a samun Kaduna sai ta gajeren zango, mita 49, shi ma sai an ɗaura wa eriya waya. Yakan ce kunne ke kamo tasha, yatsa ɗan aike ne.

Ba na mance Juma'ar 13 ga Fabrairu 1976. Da safe gidan rediyon Ikoyi ya juye kiɗan soja, sai muryar Dimka, hafsan sojan da ya yi yunƙurin juyin mulki. Dattawa suka cika zaure, ko tari babu. Baffa ya manna kunne da rediyon, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, yana neman Kaduna ko BBC, ba abin da ke fita sai shuuu. Zumuɗi ya sa na miƙa hannu, ya doke shi ko kallona bai yi ba: "Mai garaje kan wuce tasha bai sani ba." Sai daga baya aka tabbatar an kashe shugaban ƙasa Janar Murtala cikin motarsa, a hanyar barikin Dodan, fadar gwamnati ta lokacin. Na ga hawayen Baffa, ban taɓa gani ba.

Yau kowannenku ya toshe kunne da wayarsa, labari ya zo ba wanda ya ji tare da wani. Wannan na damuna ƙwarai. Rediyon na nan cikin akwatina. In za ka zo ranar Lahadi, taho da batir huɗu manya.