Amsa kan gidan Chatsworth

Malam ka tambaya ko har yanzu da mutane a Chatsworth, wani babban gidan tarihi a Ingila, ko ya zama wurin kallo kawai. Suna nan wallahi, zuri'ar Cavendish ce tun 1549 da Sir William da matarsa Bess suka sayi filin a Derbyshire, har sarauniya Mary ta Sukotilan an taɓa tsare ta a gidan. Ni abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne 1950, maigidan ya rasu kwatsam gwamnati ta ɗora musu harajin gado kashi 80 cikin ɗari, sai da suka sallama wani gidansu mai suna Hardwick Hall da zane-zane masu tsada kafin suka tsira da gidan. Tun 1981 wata gidauniya ke kula da shi, su kansu haya suke biya a ɓangaren da suke zaune.